Jirgi Mai Saukar Ungulu da Gudun Sauti: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayar ko za a iya ƙera jirgi mai saukar ungulu, wato helikwafta, da zai wuce gudun sauti tana yawan dawowa a tsakanin ɗaliban injiniyanci da masu sha'awar jiragen sama, kuma kusan kullum da hujja ɗaya take zuwa: tunda jirage masu kafaffen fiffike sun yi hakan tun 1947, me ya hana wannan? An tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar ɗan lissafi. A cikin amsoshin, farfela na nufin babbar fankar da ke juyawa a saman jirgin, reshe kuma ɗaya daga cikin dogayen fikafikanta. Gindin reshe shi ne wajen cibiya, bakinsa kuma can ƙarshensa na waje.

1. Mene ne gudun sauti, kuma me ake nufi da Mach 1?

Sauti motsi ne na matsi da ke ratsa iska, kuma gudunsa ya dogara ne ga zafin iskar. A daidai matakin teku, idan zafi ya kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita 1,225 a awa. A nisan kilomita 11 daga ƙasa, inda iska ta yi sanyi ƙwarai, yana sauka zuwa kusan kilomita 1,060 a awa. Saboda wannan sauyin ne injiniyoyi suka fi son auna gudu da lambar Mach, wadda aka raɗa wa sunan Ernst Mach, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya. Mach 1 shi ne gudun sauti a wurin da abin yake, Mach 0.5 rabinsa, Mach 2 ninkinsa. Chuck Yeager ne ya fara wuce Mach 1 a miƙaƙƙen tafiya, a cikin jirgin Bell X-1, ranar 14 ga Oktoba 1947.

2. Ina jiragen helikwafta na yau suka tsaya a gudu?

Mafi yawansu suna tafiya ne tsakanin kilomita 200 da 300 a awa. Bajintar da hukumar FAI, mai rajistar bajintocin sararin sama, ta amince da ita ga helikwafta na ainihi ita ce kilomita 400.87 a awa, wadda wani jirgin Westland Lynx da aka yi wa gyara na musamman ya kafa a yankin Somerset na Ingila ranar 11 ga Agusta 1986, Trevor Egginton yana tuƙi. Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin uku na gudun sauti. Abin lura shi ne yadda adadin ya daɗe a tsaye: injuna sun ƙara ƙarfi tun daga lokacin, kayan ƙira sun ƙara sauƙi, kwamfuta ta shiga aikin zane, amma shekaru sun shuɗe ba a karya shi ba. Jiragen da suka fi shi gudu duk sun yi hakan ne da taimakon wani abu da ba babbar farfelar ba, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 12 da ta 13.

3. A taƙaice, zai yiwu ko ba zai yiwu ba?

Idan helikwafta na nufin jirgin da farfela mai juyawa a kwance take ɗauke da nauyinsa kuma take jan sa gaba, to babu wata ƙira da aka sani da za ta kai shi Mach 1, kuma babu wanda ya taɓa kusantar haka. Babu dokar kimiyya guda ɗaya da ta haramta shi kai tsaye. Matsaloli ne uku ko huɗu da ke haɗuwa a lokaci guda, kuma maganin kowace yana tsananta wata. Idan kuwa ana nufin duk jirgin da zai tashi a tsaye, ya sauka a tsaye, ya kuma wuce gudun sauti, wannan an riga an yi shi tun 1964, sai dai ba da farfela ba (duba tambaya ta 15).

Mutane da yawa sun fara jin labarin helikwafta mai gudun sauti ne a shirin talabijin na Airwolf da aka fara nunawa a Amurka a 1984. Jirgin da aka ɗauki hotonsa a shirin Bell 222 ne da aka yi wa kwalliya, kuma gudunsa na gaskiya bai kai kilomita 300 a awa ba.

4. Me ya sa ake cewa ɓangarori biyu na farfela ba sa ganin iska iri ɗaya?

A nan ne tushen matsalar yake. Reshen farfela fiffike ne kamar na kowane jirgi, kuma ƙarfin ɗagawar da yake bayarwa ya dogara ne ga gudun iskar da ke ratsa shi. Lokacin da jirgin yake tsaye cak a sama, kowane reshe yana ganin gudu ɗaya duk inda ya zagayo. Da zarar jirgin ya fara tafiya gaba, sai farfelar ta rabu gida biyu: a gefe ɗaya reshe yana tunkarar iska, gudun jirgin yana ƙaruwa a kan nasa, a ɗaya gefen kuma yana ja da baya, ana cire gudun jirgin daga nasa.

A ɗauki Black Hawk na kamfanin Sikorsky. Faɗin farfelarsa mita 16.4 ne, tana juyawa sau 258 a minti, saboda haka bakin reshe yana gudun kusan mita 221 a daƙiƙa, wato kilomita 795 a awa, tun jirgin bai motsa daga inda yake ba. Idan yana tafiyar kilomita 300 a awa, bakin reshe mai tunkara yana ganin 1,095, na mai ja da baya kuma 495. Ƙarfin ɗagawa kuwa yana bin gudu ne idan an ninka shi da kansa, wato idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin zai ninka sau huɗu. Da za a bar rassan biyu a kusurwa ɗaya, bakin mai tunkara zai ɗaga kusan ninki biyar na abin da ɗan'uwansa yake ɗagawa, kuma kowane reshe yana ratsa wannan bambancin fiye da sau huɗu a kowace daƙiƙa.

5. To me ya hana helikwafta kifewa a gefe tun yana ƙaramin gudu?

Jiragen gwaji na farko sun riƙa kifewa kuwa. Juan de la Cierva, injiniya ɗan Sifaniya, shi ne ya warware matsalar a 1923, lokacin da ya saka wa gindin kowane reshe mahaɗi mai lanƙwasa domin reshen ya iya hawa da sauka. Reshe mai tunkara, da yake ya sami ƙarfi fiye da kima, sai ya hau sama, hawan kuma ya rage kusurwar da yake sarar iska da ita. Mai ja da baya sai ya sauko, saukowar ta ƙara masa kusurwa. Ban da wannan, akwai wani faranti a ƙarƙashin cibiyar farfela wanda sandar matuƙi take karkatarwa, shi kuma yana murɗa kowane reshe sau ɗaya a kowane zagaye, ya rage kusurwa a nan ya ƙara a can. Dabarar tana aiki sosai, amma ta hanyar hana gefe mai ƙarfi yin amfani da ƙarfinsa, da kuma matsa wa gefe mai rauni ya yi fiye da abin da ya saba. Iyakar wannan matsin ita ce batun tambaya ta 6.

6. Me ke faruwa da reshe mai ja da baya idan gudu ya yi yawa?

Wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san cewa idan ya ɗan karkata shi sama iska za ta ɗaga shi, idan ya ƙara karkatawa ta ƙara ɗagawa, har ya kai wani matsayi da hannun zai daina hawa, iska ta koma tura shi baya kawai. Haka fiffike yake. Da kusurwarsa ta kai wajen digiri 15, iska tana suɓucewa daga bayansa, ta hargitse, ƙarfin ɗagawa ya faɗi. Reshe mai ja da baya yana ƙara rasa iska duk lokacin da jirgin ya ƙara gudu, saboda haka dole a riƙa ƙara masa kusurwa, har ya isa wannan matsayin. Akwai kuma wani yanki kusa da gindinsa inda gudun jirgin ya fi gudun juyawar reshen, iska ta riƙa shigowa ta bayan reshen maimakon ta gabansa. Wannan yankin yana faɗaɗa da ƙaruwar gudu, yana cinye sashen da ke aiki.

Matuƙi yana fara jin abin ne a jikinsa: girgiza mai bin adadin rassan tana shigowa ta kujera da sanda, sai hancin jirgin ya ɗago da kansa, sannan jirgin ya karkata wajen gefen mai ja da baya. A jiragen Amurka, waɗanda farfelarsu ke juyawa saɓanin hannun agogo idan an kalle ta daga sama, hagu ne wannan gefen. A yawancin na Faransa da Rasha kuwa dama ne. Magani shi ne a sassauta kusurwar rassan gaba ɗaya a kuma rage gudu. Jan layin da ke kan agogon gudu na kowane helikwafta yana nan ne, a mafi yawan lokuta, domin kada a kai ga wannan hali, kuma nauyi mai yawa ko tudu mai nisa ko rana mai zafi duk suna jawo layin ƙasa.

7. Shi kuma reshe mai tunkarar iska, wace matsala yake da ita?

Tasa matsalar ita ce gudun sauti ya iske shi tun jirgin yana nesa da shi. A misalin tambaya ta 4, bakin reshen zai taɓa Mach 1 da zarar jirgin ya kai kilomita 430 a awa, kuma wahalar tana farawa kafin nan, domin iskar da ke bi ta saman reshe mai kauri tana ƙara gudu, ta wuce Mach 1 a wasu wurare alhali reshen kansa yana wajen Mach 0.8. A irin wannan wurin ne igiyar matsi take tsayawa, wato siririn layi inda matsin iska yake tsalle farat ɗaya. Igiyar tana ƙara tirjiyar iska ninki-ba-ninki, tana ɓamɓare iska daga fatar reshen, tana kuma tura wurin da ƙarfin ɗagawa yake taruwa zuwa baya, abin da ke murɗa reshen ya sunkuyar da gabansa.

Jirgi mai kafaffen fiffike yana ratsa wannan yankin sau ɗaya, ya wuce, ya daidaita a can gaba. Reshen farfela kuwa yana shiga yana fita sau huɗu ko biyar a daƙiƙa, na tsawon awanni, kuma kowace shiga duka ce ga sandunan da ke riƙe da kusurwarsa. Ƙarfe da sauran kayan ƙira suna gajiya da irin wannan maimaicin fiye da yadda suke gajiya da nauyi mai tsayawa wuri ɗaya.

8. Me zai hana a rage juyawar farfela, ko a ƙara ta?

Idan an rage juyawa, bakin reshe mai tunkara zai sami sarari kafin ya kai gudun sauti, amma mai ja da baya zai ƙara rasa iska, matsalar tambaya ta 6 ta zo da wuri. Idan an ƙara juyawa, mai ja da baya zai numfasa, mai tunkara kuma ya afka cikin matsalar tambaya ta 7. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa jiragen da girmansu ya bambanta ƙwarai suke haɗuwa a kusan adadi ɗaya. Mi-26 na Rasha, mai farfelar mita 32 da rassa takwas, yana juyawa sau 132 kacal a minti, kuma idan an yi lissafi bakin reshensa yana gudun kusan mita 221 a daƙiƙa, daidai da na Black Hawk.

Siffar reshen ma tana cikin wannan tsaka-mai-wuyar. Gefe mai tunkara yana son reshe siriri mai kaifi, gefe mai ja da baya yana son mai kauri da lanƙwasa, reshe ɗaya ne kuma yake zagaya duka biyun. Abin da masu Lynx suka yi a 1986 shi ne raba aikin a tsawon reshen: suka yi wa bakinsa siffa mai faɗi, siririya, mai karkata baya, wadda ke jure gudu kusa da sauti a gefe ɗaya, ta kuma jure babbar kusurwa a ɗaya gefen. A ranar bajintar bakin reshen ya kai kusan Mach 0.97. Wannan ƙirar, wadda ake kira BERP, tana kan jiragen AW101 har yau.

9. A ce an tura jirgin da ƙarfi har ya kai Mach 1, me farfelar za ta gani?

A ci gaba da adadin Black Hawk. Bakin reshe mai tunkara zai ga kilomita 2,020 a awa, kusan Mach 1.65, gindinsa kuma Mach 1, wato reshen gaba ɗayansa yana sama da gudun sauti. Bayan rabin zagaye, wanda bai kai kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ba, reshen nan ɗaya zai koma gefen da iska take bugunsa ta baya daga gindi har baki: a baki da gudun kilomita 430 a awa, a kusa da gindi da gudun da ya kusa na sauti. Fiffiken da iska ta shigo masa ta baya yana da gefe mai kaifi a gaba da gefe mai kauri a baya, kusurwar da a da take ɗaga shi yanzu danna shi take yi ƙasa, kuma iska tana ƙoƙarin ƙara murɗa shi maimakon ta daidaita shi. A gaba da bayan da'irar kuma iska tana bin tsawon reshen ne da gudun sauti. Babu wata siffa ta fiffike da za ta yi aiki mai kyau a waɗannan yanayi huɗu, balle ta riƙa sauyawa a tsakaninsu sau ɗaruruwa a minti.

10. Injin da ya fi ƙarfi ba zai magance komai ba?

Zai magance kaɗan. Ƙarfin da ake buƙata domin keta iska yana bin gudu ne idan an ninka shi sau uku da kansa, saboda haka daga kilomita 300 zuwa 1,200 a awa, wato ninki huɗu, ana buƙatar ninki 64, tun kafin a saka ƙarin tirjiyar igiyoyin matsi a lissafi. Jikin helikwafta kuma ba a zana shi domin gudu ba. Cibiyar farfela kaɗai, da mahaɗanta da sandunanta da ke tsaye tsirara a cikin iska, tana iya ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na tirjiyar jirgin. Akwai kuma batun jan gaba: helikwafta yana tafiya ne ta hanyar sunkuyar da farfelarsa domin wani ɓangare na ƙarfinta ya ja shi, kuma iyawarta ta yin haka tana raguwa daidai lokacin da tirjiyar take ƙaruwa. Ko da an ba ta ƙarfin inji marar iyaka, ba ta da hanyar mayar da shi gudu.

11. An taɓa samun farfelar da bakinta ya wuce gudun sauti?

An samu, a jirage masu kafaffen fiffike, inda farfela take fuskantar gaba kuma duk rassanta suke ganin iska iri ɗaya. Bakin farfelun Tu-95 na Rasha yana wuce gudun sauti idan jirgin yana cikin tafiya, kuma an san shi da ƙara mai tsanani. Mafi shahara shi ne XF-84H na kamfanin Republic, wanda aka gwada a Amurka a 1955. An zana farfelarsa ta yadda sashenta na waje zai kasance sama da Mach 1 ko da jirgin yana ƙasa, sai ta riƙa watsa igiyoyin matsi babu ƙaƙƙautawa zuwa gefe, har ma'aikatan filin suka riƙa fama da ciwon kai da tashin zuciya. Guda biyu kawai aka ƙera, kuma jirgin kansa bai kai Mach 1 ba. Ƙarar bulala ma irin wannan ce a ƙaramin mataki, domin bakinta yana wuce gudun sauti na ɗan ƙiftawar ido. Sai mutum ya ƙaddara bulala mai tsawon mita takwas, guda huɗu, suna yin haka babu tsayawa a saman kansa.

12. Jiragen da suka wuce kilomita 400 a awa fa, ta yaya suka yi?

Ta hanyar sauke wa farfela wani ɓangare na aikinta. Hanya ta farko ita ce a ƙara gajerun fikafikai da za su ɗauki nauyi a cikin gudu, da wata farfela ko injin jet da zai yi turawa. Fairey Rotodyne na Birtaniya ya bi ta a 1957, ko da yake shi bai kai wannan gudun ba, Cheyenne na Lockheed ya bi ta a 1967, sannan X3 na Eurocopter ya kai kilomita 472 a awa a Faransa a watan Yuni 2013. Magajinsa, Racer na Airbus, ya fara tashi a 2024.

Hanya ta biyu ta Sikorsky ce: farfela biyu masu tauri, ɗaya a kan ɗaya, suna juyawa saɓanin juna, ta yadda kowane gefe na jirgin yana da reshe mai tunkara. Tunda haka ne, sai a ƙyale masu ja da baya su huta, matsalar tambaya ta 6 ta kau. Jirgin gwaji na X2 ya kai kusan kilomita 460 a awa a watan Satumba 2010, yana da farfelar turawa a wutsiya, kuma sai da aka rage juyawar manyan farfelunsa da kusan kashi 20 cikin ɗari domin bakinsu kada ya kai gudun sauti. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai ta bar matsalar tambaya ta 7 a inda take. Duk kilomita ɗaya da jirgin ya ƙara, dole a cire shi daga gudun juyawa, kuma idan an bi wannan layin har Mach 1, juyawar za ta koma sifili.

13. Jirage masu karkata farfela, irin su V-22 Osprey, ba su ne mafita ba?

Su ne mafita ga matsalar gefe biyu, domin bayan sun tashi suna kifar da farfelunsu gaba su zama jirgi mai fiffike, duk rassa suna ganin iska ɗaya. V-22, wanda ya fara tashi a 1989, yana wuce kilomita 500 a awa, V-280 na kamfanin Bell kuma, wanda rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓa a Disamba 2022, ya kai kusan 550. Amma suna da nasu rufin. Farfela mai faɗin mita 11 tana fuskantar gaba, gudun bakinta haɗin juyawa ne da tafiya, kuma yana isa gudun sauti kafin jirgin. Sannan nauyin inji da farfela a can ƙarshen fiffike yana iya haifar da wani lilo mai ƙara kansa har ya karya fiffiken, wanda ya sa dole a yi shi da kauri da tauri, fiffike mai kauri kuwa shi ne abin da gudu kusa da sauti ya fi ƙi.

14. Idan an tsayar da farfelar cak a sama, ko an naɗe ta?

Wannan ita ce hanya ɗaya tilo da lissafi ya bari a buɗe, kuma an gwada ta. A shekarun 1980 Sikorsky da NASA da DARPA, hukumar binciken tsaro ta Amurka, sun yi aiki a kan farfela mai rassa huɗu masu tauri, wadda za ta tsaya ta zama fiffike mai siffar harafin X. An dakatar da aikin a 1988 ba a taɓa tashi da farfelar ba. Boeing ta gwada wata ƙirar da X-50 Dragonfly, jirgi marar matuƙi, guda biyun da aka ƙera duk suka faɗi, aka rufe shirin a 2006 kafin a kai ga tsayar da farfelar a sama.

Wahalar tana cikin 'yan daƙiƙun sauyawa. Reshen helikwafta dogo ne siriri, idan jirgin yana ajiye za a gan shi ya sunkuya saboda nauyin kansa, kuma abin da ke miƙar da shi a sama shi ne ƙarfin juyawa da ke fizgar sa waje, wanda ya kai tan da yawa. Yayin da ake rage juyawa wannan ƙarfin yana gushewa, iskar tafiya kuma tana nan da ƙarfinta, kuma farfelar tana ratsa matakan juyawa da suka dace da lilon jikin jirgin. Reshen da zai jure haka sai ya yi tauri da nauyi, nauyin kuma yana ci daga kayan da jirgin zai ɗauka. Shirin SPRINT na DARPA, wanda Bell ta shiga da ƙirar farfela mai naɗewa da injin da ke komawa jet, yana neman kilomita 740 zuwa 830 ne a awa, ƙasa da gudun sauti. Kuma a lokacin da irin wannan jirgin yake gudunsa mafi girma, farfelarsa kaya ce kawai da yake ɗauke da ita.

15. Tunda akwai jiragen da ke tashi a tsaye su wuce gudun sauti, me ya sa ba su maye gurbin helikwafta ba?

VJ 101 na Jamus ta Yamma ya wuce Mach 1 a 1964, Mirage IIIV na Faransa ya kai Mach 2 a 1966, F-35B na Amurka kuma yana aiki a yau da gudun Mach 1.6. Bambancin yana wajen tsayuwa a sama. Ana riƙe nauyi a iska ne ta hanyar tura iska ƙasa, kuma ya fi arha ƙwarai a tura iska mai yawa a hankali da a tura kaɗan da ƙarfi. Farfelar Black Hawk tana shafe fili mai faɗin murabba'in mita 210, kowane murabba'in mita yana ɗaukar abin da bai kai kilo 50 ba. Fankar da ke bayan matuƙin F-35B faɗinta mita 1.27 ne kawai, tana tura kusan tan 9, wato kusan kilo 7,000 a kowane murabba'in mita. Irin wannan jirgin yana shan mai da sauri idan ya tsaya, iskar da yake hurawa tana da ƙarfi, ta injinsa kuma tana da zafin da sai an tanadi dandamalin da zai jure ta. Ba za a iya zuro igiya daga ƙarƙashinsa a ɗauko mutum daga teku ko daga kan dutse ba. Faɗin farfelar da ya hana helikwafta gudu shi ne kuma ya ba shi wannan aikin.

Akwai batun ƙara ma. Duk abin da ya wuce gudun sauti yana jan tsawa a bayansa har ƙasa, kuma a 1973 Amurka ta hana jiragen farar hula yin hakan a kan tudu, dokar da ta taƙaita hanyoyin Concorde, jirgin fasinja mai wuce gudun sauti. Helikwafta kuwa kusa da ƙasa yake aikinsa, a kan garuruwa da asibitoci.

16. Hawa can sama, ko zuwa wata duniyar, zai sauƙaƙa lamarin?

Tsananta shi yake yi. A sama iska ta fi sanyi, gudun sauti ya ragu (duba tambaya ta 1), saboda haka reshe mai tunkara yana isa iyakarsa da wuri. Iskar kuma ta fi sirantaka, sai an ƙara wa rassa kusurwa kafin su ɗauki nauyi ɗaya, mai ja da baya shi ma ya isa tasa iyakar da wuri. Jiragen jet suna hawa sama ne domin su tsere wa tirjiya, helikwafta kuwa gudunsa mafi girma a ƙasa-ƙasa yake.

Duniyar Mars ta nuna wannan a sarari. Kaurin iskarta kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na tamu, sauti kuma yana tafiyar kusan mita 240 ne a daƙiƙa a cikinta. Ingenuity, ƙaramin helikwaftan NASA mai nauyin kilo 1.8 wanda ya fara tashi a can ranar 19 ga Afrilu 2021, sai da farfelunsa masu faɗin mita 1.2 suka riƙa juyawa kusan sau 2,500 a minti kafin ya ɗaga, wanda ya kai bakin rassansa wajen Mach 0.7 yana tsaye wuri ɗaya. Ya yi tashi 72 kafin rassansa su lalace a watan Janairu 2024, kuma gudunsa mafi girma a duk tafiye-tafiyen mita 10 ne a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa.